Ƙofar Apo da Soron Baba

Na san abin da ake faɗa muku a wajen biki da suna. Wai uwarku ta tafi China da hankalinta, ta dawo tana son laka da azara, ta saki kasuwa mai tafiya saboda tsohon gini. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin masu faɗar 'yan uwana ne, kuma a lokacin suna da hujjarsu. Amma yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, jikoki kuma sun fara tambaya, gara ku ji daga bakina. Shekarar ita ce wadda China ta karɓi wasannin Olamfik. Ina Guangzhou, ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, inda 'yan Afirka suka cika shaguna daga ƙasa har sama. Sana'ata sayen ƙofofin ƙarfe da tagogin alminiyom da tayil, in loda su zuwa Kano, kawunku Sule, yayana, ya karɓa ya sayar. Ku sani fa, duk wanda ya rushe gidan ubansa a wancan zamani ya kafa gilashi mai ruwan shuɗi, wataƙila ta hannuna gilashin ya bi, kuma ina alfahari da hakan.

Yawancin mutanenmu a unguwar Xiaobei suke kwana, kusa da abinci da masallaci da hira. Ni kuwa na koma Liwan, tsohon gari, saboda can ne manyan kasuwannin sari suke. Wata 'yar Maraɗi ce da za ta koma gida ta bar mini ɗakinta, ta ce gidan wata tsohuwa ne, ba hayaniya, sai dai in yi haƙuri da ƙofa. Ban gane maganarta ba sai da na je. Gida ne siriri mai zurfi, na bulo ruwan toka, a cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ƙofarsa hawa uku ce. Ta farko 'yar gajeriya, iyakarta ƙirji. Ta biyu sanduna ne masu kauri na baƙin katako, an jera su a kwance kamar tsani, ana tura ta gefe ta gangara a kan 'yan ƙafafu. Ta uku ita ce babba, mai nauyin gaske. Da rana a buɗe babbar, a bar ta sanduna, iska ta ratso har ƙuryar gida, ɓarawo kuma ba hanya. A sama akwai tagogi masu gilashi ja da kore da ruwan ɗorawa, idan hantsi ya daga sai launukan su zubo a daɓe, ka rasa inda za ka taka. Ni dai a lokacin abin da na gani kawai shi ne, ba ta yadda za a shigo da kwalin tayil ta wannan ƙofa sai an karkata shi.

Mai gidan kowa a lungun Apo yake ce mata, wato kaka. Ƙaramar mace ce, gashinta fari fat, muryarta kuwa ta fi ta mai tallar kifi. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta sai gaisuwa da godiya da kalmomin ciniki, amma mun zauna lafiya ƙwarai. Ranar da ta ga na ƙi cin abincin tukunyarta, ba ta yi fushi ba. Ta fita ta sayo sabuwar tukunya da ludayi, ta ɗaura musu jan zare, ta nuna ni ta nuna su. Idan ina salla takan rage rediyo. Lauban take kirana, wato uban gida, irin yadda masu shago ke kiran mai saye, ni kuma in ce mata Hajiya, mu yi ta dariya ba wanda ya san abin da ya ba ɗan uwansa dariya.

Da wasannin suka matso sai gari ya canza. Biza ta yi wuya, bincike ya yi yawa, mutanenmu da dama suka tattara suka tafi gida ko wata ƙasa su jira. Ni takarduna da sauran kwana, sai na zauna, amma ciniki ya yi sanyi. Aiki ɗaya babba ne a hannuna, kuma na gida ne. Kakanku ya rasu a shekarar da ta gabata, yayyena kuma suka yi shawara a rushe gidansa na cikin birni a gina shaguna hawa biyu, tunda titi ya zo kusa. An tambaye ni, na ce to. Ni ce ma na zaɓi tayil ɗin da ƙofofin, ina ta ɗoki, ina aika wa kawunku hotuna. A Liwan ma irin wannan iska ce ke kaɗawa. A lungunan da ke bayanmu an bi bango ana shafa wani jan rubutu a cikin da'ira, wanda na gane daga baya ma'anarsa a rushe. Duk safiya Apo takan fita ta duba bangonta, ta dawo tana magana ita kaɗai.

Sai aka yi wani ruwa da iska irin na can, wanda yake zuwa daga teku. Ya fasa gilasai a tagar sama, ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, ƙasan ƙofar sanduna ya kumbura ta ƙi motsi. Muka koma raɓawa ta 'yar kafa kamar kyanwa. Tausayin tsohuwar ya kama ni, na ce ga ranar da zan rama alherin tukunya. Na je wajen wanda nake sayen kaya, na zaɓi ƙofar ƙarfe mafi kyau, mai ƙyalli kamar madubi, da zanen zinare da mukullai, na sa aka turo ta a keken kaya har lungu. Na iso ina haki don murna, sai na tarar da baƙi. 'Yar Apo ce, sunanta Lin, wadda ke aure a Birtaniya, ta zo ganin gida da mijinta. Mijin Bature ne dogo mai jan gemu, sunansa Emris, na same shi durƙushe yana shafa sandunan ƙofar nan kamar mai duba mara lafiya. Lin ta tambaye ni da Turanci wannan fa, na ce kyauta ce na kawo wa Hajiya, a cire waccan ruɓaɓɓiyar a huta. Baturen nan ya miƙe, fuskarsa ta yi ja har kunne, ya buɗe hannuwa ya tare ƙofar da jikinsa.

"Madam, don Allah," in ji shi. "Ki cire mini haƙori, amma ki bar wannan."

Lin ta fassara wa uwarta. Apo ta dubi ƙofata, ta dubi fuskarta a cikin ƙyallin, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, tana cewa meyo, meyo, wato babu, ba za a yi ba. Sannan ta kama hannuna ta ja ni ciki ta zuba mini shayi, don kada in ji kunya.

A wajen shayin nan Lin ta yi mini bayani. Ana zagayawa ana duba tsofaffin gidaje, wanda aka samu da ƙofarsa da tagoginsa na asali ana iya kafa masa allo a bango, daga nan ba mai rushe shi. Wanda aka canza masa fuska kuwa, ya zama kamar kowane gida. Ashe da na kafa ƙofata, da na kashe gidan da hannuna. Emris ya ɗauko kyamara ya fara nuna mini garinsu, a wani yanki da ake kira Wales. Ƙaramin gari ne a bakin teku. Gidaje ne a jere kafaɗa da kafaɗa, tsayinsu ɗaya, tagoginsu a layi ɗaya kamar an ja zare, amma kowanne da launinsa: wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi, na gaba ruwan hoda. A saman kowace ƙofa akwai gilashi mai siffar mafici. Ya ce an gina su tun zamanin wasu sarakunan Ingila masu suna Joji, wajen shekara ɗari biyu ke nan, kuma mutane na ciki suna girki suna haihuwa. Hukuma ta rubuta su, mai gida ba shi da ikon canza ko taga sai da izini. Shi kafinta ne, aikinsa ke nan, gyaran tagogin da ake turawa sama da ƙasa. Yana magana yana nuna mini yadda igiya da dalma suke ɓoye a cikin katako suna ɗaukar nauyin taga.

Na ce, "To gidanka ne, da kuɗinka, a hana ka sa abin da kake so?"

Ya ce, "Ana jin haushi, sosai ma. Maƙwabcina ya yi shekaru yana zagin hukuma a kan taga. Amma da 'yarsa za ta yi aure, a ƙofar gidan aka ɗauki hoto."

Lin ta ce, "Sanyi kamar ya kashe ni a gidan nan. Amma idan na fito da safe na dubi layinmu, sai in tuna gidan uwata."

Daga ranar aiki ya tashi, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Emris ya san katako amma bai san gari ba. Lin ta daɗe da barin gida, kasuwannin sun canza mata. Ni kuwa ba lungun sari a Liwan da ƙafata ba ta taka ba. Sai ga baƙar mace da mayafi a gaba, Bature da 'yar gari a baya, ina jan su daga rumfa zuwa rumfa da guntun jan gilashi a hannu. Duk inda muka nuna sai a ce meyo. Masu shagon da suka san ni suna ta mamaki, Lauban mai sayen kwantena guda yau ita ce ke neman gilashi tafin hannu. A ƙarshe wani mai sayar da madubi ya kai mu bayan kasuwa, wajen masu tara kayan gidajen da aka rushe. Wayyo, abin da na gani! Ƙofofi da tagogi jibge kamar itacen girki, masu sassaƙar furanni da tsuntsaye. Emris ya zauna a ƙasa ya dafe kai. A nan muka samu gilashinmu, da guntun katako irin na ƙofar, da 'yan ƙafafun da take gangarawa a kai. Na yi ciniki irin na Kano har mai kayan ya ɗaga hannu ya sallama.

Muka cire ƙofar muka kwantar da ita a tsakar gida. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, kowace sanda an zura ta ne a raminta. Emris ya yanke inda ya ruɓe kawai, ya sassaƙa sabo ya haɗa, ni ina riƙe masa, Apo na tsaye a kanmu tana ba da umarnin da ba mai ji sai Lin. Inda ruwa ya ci bango ya ƙi sa siminti, ya kwaɓa farar ƙasa da yashi, ya ce tsohon bango yana numfashi, idan ka toshe shi da siminti sai ya ruɓe ta ciki. Ina jin haka sai na tuna na taɓa jin maganar nan da Hausa. Kakanku magini ne, kun sani, amma ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Haka yake faɗa duk lokacin da aka ce ya shafe soronsa da siminti, mu kuwa mu ɗauka rowa ce da taurin kai. Na gaya wa Emris. Ya ajiye abin hannunsa ya ce ko ina da hoton gidan. Akwai wani hoton bikina da nake yawo da shi a jaka, ni da ƙawayena a ƙofar gida. Na miƙa masa ina cewa kada ya yi dariyar ɗaurin ɗankwalin zamanin. Bai ko kalle mu ba. Bayanmu yake kallo: fuskar soron, da dagin da Baba ya zana a saman ƙofa da hannunsa, da zankwaye a tsaye kamar kunnen zomo, da indararo. Ya yi ta tambaya, ina amsawa, ina mamakin ashe na sani. Na gaya masa tubali da hannu ake mulmula shi, rufin kuma azara ce ta giginya, a lanƙwasa ta a yi bakan gizo ba ginshiƙi a tsakiya, a shafe bango da makuba don ruwa. Ya kira Lin, Lin ta kira Apo, suka haɗa kai a kan hoton.

"Wa ke zaune a ciki yanzu?" in ji Lin.

Na ce, "Ba kowa. Bayan damina za a rushe. Kayan sabon ginin ma suna tashar jiragen ruwa ta Nansha, jirgi suke jira."

Lin ta faɗa wa uwarta a hankali. Apo ta karɓi hoton, ta goge shi da bakin rigarta, ta mayar mini da hannu biyu.

Ranar da muka mayar da ƙofar ita ce ranar da 'yan ƙwallon Najeriya suka buga wasan ƙarshe na Olamfik, da tsakar rana. An fito da talabijin zaure, maƙwabta sun taru, Apo ta ce yau ita 'yar Najeriya ce, tana ihu duk lokacin da baƙin mutum ya taɓa ƙwallo. Ba mu ci ba, azurfa muka samu, amma wallahi ban ji zafin ba. Ana tashi maza suka ɗaga ƙofar suka ɗora a kan layinta. Emris ya ce Apo ta gwada. Tsohuwar nan ta sa yatsa biyu ta tura, ƙofar da ƙato ba ya iya motsawa ta tafi sumul, ta tsaya da wani ɗan sauti mai daɗi. Lungu ya ɗauki tafi. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun bikin ƙanwata, har karnuka suka amsa. Ina cikin wannan murnar na hau sama na kira kawunku.

"Yaya, kada a taɓa soron Baba."

Ya ce, "Asma'u, lafiyarki kuwa? Wane soro? Ba ke kika zaɓi tayil ba?"

"Ni ce. Na janye. Ina da gado a gidan nan, ban yarda ba."

"An riga an yi magana da mai gini, an karɓi sunayen masu son shago. Ke kina can cikin na'urar sanyi, mu ne za mu yi ta yaɓe duk shekara? Wa ya zuga ki?"

Na ce, "Ba wanda ya zuga ni, Yaya. Idona ne ya buɗe. Ku faɗi abin da kuke so a madadin rabonku, zan bayar."

Ya kashe waya. Kuma ku ji da kyau, kawunku ba mugu ba ne. Yana da iyali da yawa, shagunan nan su ne abin da ya sa rai zai riƙe tsufansa da su. Abin da suka nema shi na bayar: filina na bakin sabon titi, da kayan da ke Nansha gaba ɗaya, da rabona na kasuwar. Can suka gina shagunansu, kuma Allah ya sa musu albarka. Ni kuma jarina ya karye. Kafin shekara ta zagayo na mayar da mukullin ofishin Tianxiu. Shi ya sa ke Hadiza ba ki je karatu waje ba kamar yadda na yi miki alkawari, kuma na san kin daɗe da abin a ranki. Ban ce ki daina jin zafi ba, ina so dai ki san inda abin ya tafi. Kafin in bar Guangzhou an zo an duba gidan Apo, aka daɗe shiru, sai bayan na dawo Lin ta aiko mini hoton uwarta tsaye a gefen allon da aka kafa a bango, ta sa rigar sallarsu, ta ɗaga haɓa kamar ita ta ci zinare.

Na dawo na tare a gidan Baba da ku, kuna ƙorafin ba tayil. Kawunku ya ɗauke mini ƙafa. Mukan gaisa a wajen rasuwa, iyakarta ke nan, har damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba. Samun magina ma ya zama aiki, tsofaffin sun mutu, 'ya'yansu sun koma bulo. Da ƙyar na samu wasu daga ƙauye, muka fara da rufi, muka bi bango. Da aka zo fuskar soron, inda ruwa ya cinye rabin dagin, sai babbansu ya hau tsani ya fara zana abin da ya ga dama. Ina tsaye ina jin ba haka ba ne, amma ban san yadda zan gyara masa ba. Sai na ji an tsayar da mota a bakin lungu. Kawunku ne, cikin farar shadda, zai wuce ɗaurin aure. Ya tsaya daga nesa yana kallo, hannuwa a baya. Can sai ya ɗaga murya.

"Kai malam, sauko. Ba haka ake juya shi ba. Ta ƙasa yake shiga, ya fito ta sama."

Maginin ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Ni na miƙa wa mai shi ƙasa ranar da ya zana shi."

Ya cire babbar riga da hula ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya cusa hannu a cikin kwaɓin. Mutum mai jikoki, da tumbinsa, ya hau tsanin nan, ni ina riƙe da ƙafar tsanin ina addu'a. Bai je ɗaurin auren ba. Da la'asar ta yi ya sauko, laka har gemu, ya ja da baya ya daɗe yana duban aikinsa. Sannan ya juyo.

"Asma'u, gidan nan ba a ba baƙo ruwa ne?"

Na ce, "Baƙo ake ba, Yaya. Ɗan gida ya san inda randa take."

Ya cire takalmi ya shiga.